Riyal Ɗaya a Kowace Ɗari

Katin bai yi mini ƙarya ba, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Duk abin da ya yi mini yana rubuce a takardar da na sa wa hannu, ni ne dai ban karanta ba. A shekarar da aka tabbatar da ni a aikin wani kamfanin motocin jigilar alhazai, na je banki ɗaukar albashi, sai wani ma'aikaci mai ƙamshin turare ya ja ni gefe ya zaunar da ni, har da kawo mini gahawa. Tun da nake shiga bankin nan ba a taɓa ba ni ko ruwa ba. Ya ce akwai sabon kati, duk abin da na saya da shi banki zai mayar mini da riyal ɗaya a kowace ɗari. Ya ce kuma ba dole ne in biya duka a ƙarshen wata ba, ɗan abu kaɗan zan riƙa bayarwa, sauran ya jira. Na tambaye shi ko akwai kuɗin ruwa a ciki, don ba a rene mu da cin haram ba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce a'a, ribar ciniki ce da kuɗin hidima. Sunan ya yi mini daɗi a kunne. Na sa hannu a wuri huɗu, na fito ina jin kaina kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

Lokacin ina zaune da matata da 'yarmu ɗaya a wani ɗan gidan haya a unguwar Khalidiyya, nan Madina, wanda ake biyan kuɗinsa duk wata shida. Mahaifiyata kuwa, Inna, tana tsohon gidanmu na Harra ta Gabas, ta ƙi tashi tun bayan rasuwar babanmu. Mahaifinta da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wajen Katsina, ta Sudan, ya yi shekaru a hanya. Ita a Madina aka haife ta, amma Hausarta ta fi ta wasu da suka sauka daga jirgi jiya. Tawa ce ta gauraye da Larabci, har takan ce in na yi magana sai ta tace kamar kamu.

Aikin Inna, in za a kira shi aiki, sautu ne. Duk azumi da duk lokacin Hajji gidan nan cika yake da baƙi daga gida, yawanci mata, waɗanda ba sa jin Larabci kuma suna tsoron a cuce su a kasuwa. Su zo da kuɗinsu cikin jakar wuya, su zauna a tabarma su lissafo abin da suke so: dabino, abaya, darduma, turare, wani lokaci 'yan kunne na zinari. Kowace mace da ƙyallen da Inna ke ƙulle mata kuɗinta, ba a taɓa haɗa na wata da na wata. Ta je kasuwa ta yi ciniki kamar za ta cire wa mai kanti haƙori, ta dawo da kaya, ta kwance ƙyallen ta miƙa canji har na rabin riyal. Ba ta ɗora ko sisi. In an matsa mata ta karɓi wani abu, sai ta ce baƙin Manzon Allah ne, ita wace ce da za ta ci riba a kansu. Abin da take samu bai wuce daddawa da kuka da kilishin da ake kawo mata tsaraba ba, sai kuma suna. Akwai garuruwan da ban taɓa takawa ba, inda in mace za ta tafi Hajji ake kwatanta mata gidanmu tun kafin ta san masaukinta.

Ni ne direbanta tun ina saurayi. Shekara da shekaru ina kai ta kasuwar dabino da kantunan kusa da Harami, ina tsaye a bayanta ina riƙon leda, ban taɓa damuwa da yawan kuɗin da ke wucewa ta hannunta ba. Da kati ya shiga aljihuna sai na fara lissafi. Duk ɗari biyar da ta miƙa wa mai kanti, sai in ji kamar riyal biyar tawa ce ta faɗi ƙasa aka take.

Wata rana a mota na ce, "Inna, kin san duk kuɗin nan da kike zubawa a kasuwa, da da kati aka biya, akwai abin da zai dawo?"

"Ya dawo daga ina?"

"Daga banki. Kyauta ce, riyal ɗaya a ɗari."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana kuma ba ta cika kallona kai tsaye ba. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Kai ɗan nan, wa ka taɓa gani yana biyan mutum don ya kashe kuɗi?"

Na yi mata bayani irin na wanda ya yi makaranta, cewa masu kanti ne ke biyan banki, banki kuma ya ɗan gutsura mini.

"To ashe masu kanti ne ke biya," in ji ta. "Su kuma a jikin wa za su fanshe?"

Na yi dariya na ce zamani ya canja. Ta ce, "Ɗayyib," wato to shi ke nan, ta juya tana kallon titi. Ba mu sake maganar ba.

Da ƙafafunta ba su matsa mata ba, da labarin ya tsaya nan. Amma a azumin shekarar gwiwoyinta suka kumbura, likita ya hana ta doguwar tafiya, baƙi kuwa ba su fasa zuwa ba. Ta kira ni ta zaunar da ni, ta jera ƙulle-ƙulle tara a gabana, ta faɗa mini na wace ce kowanne da abin da take so, ni kuma ina rubutawa. Ta gaya mini wurin wa zan je: tsohon mai dabinonta da ke can ƙuryar kasuwa, mai abaya da ke hawa na biyu, da tsohon maƙerin zinarin da suke hulɗa tun kafin a rushe tsohuwar kasuwa. Ta ce in ce musu ita ta aiko ni, kuma kada in karɓi farashin farko ko da sun rantse.

Na fita da ƙulle-ƙullen, na tsaya a gefen titi, na kwance su duka na haɗa kuɗin wuri ɗaya na sa a ambulan. Har yau in na tuna yadda ƙyallayen nan tara suka zube a kujerar mota babu komai a cikinsu sai in ji kunya ta rufe ni. A ranar dai ban ji komai ba. Kuɗi ai kuɗi ne, haka na ce wa kaina. Zan saya da kati, ƙarshen wata in kai wa banki kuɗin, riyal ɗin da ya dawo ya zama ladan man mota.

Matsala ta farko, mutanen Inna ba su da na'urar kati, wadda muke kira shabaka. Tsohon mai dabino ko wayar tebur ba shi da ita. Sai na wuce shi, na shiga manyan kantunan nan masu gilashi da sanyi, inda farashi ke manne a jikin kwali, ba a ciniki. Matar da kuɗinta zai sayo mata kilo goma na dabinon ajwa a hannun Inna, a hannuna tara ta samu, wani lokaci takwas da rabi. Na ce wa Inna kaya sun yi tsada bana. Baƙin suka karɓa suna sa mini albarka, don kwalayen suna da kyau, har da hoton koriyar kubbar masallacin Annabi a jiki. Wata ta ce ɗan Hajiya ya fi Hajiya iya zaɓe. Na sunkuyar da kai kamar mai kunyar yabo.

Matsala ta biyu ita ce ambulan. Kuɗi a banki lamba ce, amma kuɗi a aljihun tebur a gida yana da ido, yana kallonka. Kafin ƙarshen wata mai gida ya aiko a kan kuɗin haya. Na ɗiba, da niyyar in cike in albashi ya shigo. Albashi ya shigo, mota ta buƙaci gyara. Takardar banki ta zo, na duba ƙasanta inda aka rubuta mafi ƙarancin abin da za a biya, na ga bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba. Na biya shi, na ƙara 'yan dubbai a kai don in ji ni mutumin kirki ne, sauran kuma ya jira kamar yadda mai turare ya ce.

Ranar da saƙo ya shigo wayata cewa an mayar mini da riyal ɗari da tamanin, na sayi babbar tire ta shinkafa da kaza na kai gida. Na nuna wa matata saƙon, na ce ga kuɗin da mutane ke takawa suna wucewa. Ta taya ni murna, don ba ta san komai ba. A takardar wannan watan, layi biyu ƙasa da ɗari da tamanin ɗin, akwai wata lamba da ta fi ta, wadda aka ɗora a kan abin da ya rage ban biya ba. Na gan ta, na ninke takardar.

Haka aka yi Hajjin shekarar, haka aka yi azumi na gaba. Kowane lokaci sai sabon kuɗin baƙi ya shigo in toshe ramin baya da shi, in sayi kayansu da kati, ramin ya koma inda yake har ya ɗan ƙara faɗi. Matata ta haihu, aka yanka rago biyu, kati ya biya. Har na kai ga in muna cin abinci da abokai ni nake karɓe kuɗinsu in biya da kati, ina musu wa'azin riyal ɗaya a ɗari. Takardun banki na daina buɗe su, ina tara su a aljihun ƙofar mota. Wata rana tsohon mai dabino ya gan ni a bakin masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Mun yi wa Hajiya laifi ne? Shekara guda ba mu ga saƙonta ba." Na ce jikinta ne, ta rage karɓar sautu. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ba ni ledar dabino in kai mata. A mota na cinye shi a hankali cikin mako guda, don ban san yadda zan miƙa mata ba.

A Hajji na biyu, bayan an sauko daga Arfa alhazai sun fara zuwa Madina ziyara kafin su koma gida, wata tsohuwa ta zo gidanmu. Man gyaɗa take sayarwa a wani ƙauye a ƙasar Zariya, siririya ce, hannuwanta duk kanta. Mata goma sha ɗaya na ƙauyensu suka yi shekara uku suna tara kuɗi, kowacce tana son 'yan kunne ko ɗan zobe na zinarin Madina ta ajiye wa 'yarta. Tsohuwar ta canja kuɗin, ya kama riyal dubu takwas. Ta ce tun daga gida ba ta kwana ba tare da jakar a ƙarƙashin haƙarƙarinta ba, har a Mina. Da ta miƙa wa Inna sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yau zan yi barci." Kwana takwas za su yi a Madina, su cika salla arba'in, ranar ta takwas bayan la'asar mota ta kwashe su zuwa filin jirgi.

Inna ta ƙulle kuɗin a wani shuɗin ƙyalle ta ba ni a gaban tsohuwar. Ta ce, "Wannan kam wurin maƙerinmu za ka, ba wani wuri ba."

A lokacin wata biyu ke nan ban biya banki ko ɗan ƙaramin abin nan ba. Ranar da suke zuwa cira, asusun ya riga ya bushe. Suna kira ina kashe waya. Katin ya cika har wuya, ko man mota ba ya saya. Sai na yi wani lissafi da na ɗauka na masu hankali ne: in na zuba dubu takwas ɗin a katin, wuri zai buɗe na dubu takwas, in sayi zinarin da kati a wani kanti mai shabaka, banki ya daina kirana, riyal tamanin kuma ta dawo mini. Har tamanin ɗin nan na sa a lissafi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, cewa a tsakiyar wannan hali ma ban manta da ita ba.

Na zuba kuɗin ranar ta biyu. Na jira kwana biyu ya zauna. Ranar ta biyar na shiga wani kantin zinari mai fitilu, na ɓata kusan awa guda ina zaɓe, aka auna, aka jera 'yan kunne takwas da zobe uku a kan jan ƙyalle. Mai kanti ya ce in da kati ne akwai ƙarin da zai ɗora. Na ce ba komai. Ya goga katin, na'ura ta yi shiru, ta fito da 'yar takarda. Ya sake gogawa. Sannan ya turo mini katin da yatsa ɗaya ya ce, "Marfud," wato an ƙi. Ya fara mayar da zinarin cikin gilashi tun ban ɗauke hannuna daga kan tebur ba.

Washegari tun da aka buɗe banki ina bakin ƙofa. Mai turare ya canja reshe, wani ne a kujerarsa, kuma babu gahawa. Ya duba na'ura ya ce an dakatar da katin tun makon jiya saboda jinkiri. Kuɗin da na zuba sun shiga, an gode, an rage bashin da su. Na ce kuɗin ba nawa ba ne, amana ce, a mayar mini. Ya ce abin da ya shiga bashi ba ya fitowa. Na ɗaga murya, na ambaci Allah, na ambaci tsohuwa mai man gyaɗa, kamar ya san ta. Ya bari na gama, sannan ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini abin da ya rage a kaina bayan dubu takwas ɗin, dubu goma sha uku da 'yan kai. Ya tambaya ko akwai wata hidima da zai yi mini.

Sauran ranar na yi ta yawo. Abokan da nake yi wa wa'azi, ɗaya ya ba ni ɗari biyar, ɗaya ya ce ƙarshen wata ne, ɗaya bai ɗauki waya ba. A wurin aiki aka ce ba a ba da rance a lokacin Hajji. Ranar ta bakwai da hantsi na tafi Harra ta Gabas da ɗari biyar a aljihu.

Na samu Inna a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu a rana saboda sanyi, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ina zinarin baƙuwa. Na faɗa mata. Ban tsara faɗar duka ba, amma da na fara sai komai ya biyo, ambulan, manyan kantuna, kilo tara a madadin goma, har dabinon da na cinye a mota. Ba ta daina tsintar shinkafa ba sai da na kai kan ƙyallayen da na kwance a gefen titi. Nan hannunta ya tsaya.

"Ka haɗa su?"

"Na haɗa, Inna."

Can ta ce, "Nawa suka mayar maka, tun farko har yau?"

"Ɗari shida da arba'in."

"Nawa suke binka?"

Na faɗa.

"Ɗari shida da arba'in," ta sake faɗa a hankali, kamar tana auna shi a tafin hannu. "To ko shi ɗin ma ba naka ba ne. Da kuɗin wa aka saye kayan?" Ta ture farantin ta ce, "Ɗauko mini abayata da keken nan."

Keken guragu ne da likita ya rubuta mata, wanda ta rantse ba za ta hau ba mutane suna kallo. Ranar ta hau. Na tura ta cikin cunkoson alhazai har ƙofar tsohon maƙerin zinari. Ya taso da kansa yana mata maraba, yana tambayar ina ta shiga. Na tsaya a bayanta ina riƙe da hannun keken, na ji mahaifiyata, wadda ta shekara talatin tana shiga kantin nan da kuɗi a hannu tana fita da canji, tana cewa da Larabci tana son zinarin dubu takwas, kuma ba ta zo da komai ba. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya gane abin da ya gane. Bai tambaya ba. Ya auna, ya ƙulle, ya ce ta biya sanda ta samu. Duk da haka sai da ta yi ciniki, ta sa ya rage kuɗin ƙira, ya rubuta mata bashin dubu takwas cif, ta karɓi canjin riyal sittin a madadin matan ƙauye.

Na ɗauka an rufe maganar ke nan, tunda zinari ya samu. Washegari da tsohuwar ta zo karɓa, Inna ta sa aka kira ni. Ta jera mata kayan ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa mata canjinta, sannan ta ce, "Hajiya, akwai abin da ya kamata ki sani. Kuɗin da kika ba ni, ɗan nan ya taɓa su. Ya kai su inda ba a aike shi ba. Wannan zinarin naku ne halal, biyansa yana wuyana, amma ba da kuɗinku aka saya ba."

Tsohuwar ta rikice. Ta ce haba Hajiya, ai ba sai an faɗa ba, yaro ne, ta yafe duniya da lahira. Yaron da take nufi yana da shekara talatin da huɗu da 'ya'ya biyu. Ina tsugune ina kallon tabarma, ina jin haushin Inna. Bayan baƙuwar ta tafi na ce, "Inna, me ya sa? Za ta je ta faɗa a gida."

"Za ta faɗa," in ji ta. "Da na yi shiru, baɗi ta turo mini wasu goma sha ɗaya a kan abin da ba haka yake ba."

Bashin maƙeri ita ta biya, daga ɗan fanshon babanmu, wata goma tana kai masa. Na kawo mata ɗari biyar ɗin da na aro, ta ce in mayar wa mai ita. Na kawo wani abu daga albashi, ta ce kuɗina na banki ne, in je in ba su. Aikin da ta ba ni daban ne. Ta sa na fito da littafin da nake rubuta sautu, muka bi shi suna bayan suna, tana faɗin abin da kaya za su kama a wurin mutanenta, ina cire abin da na kawo. Wata riyal ashirin, wata talatin da biyar, wata kilo ɗaya na dabino. Ta sa na raba ɗari shida da arba'in ɗin a kansu gwargwadon kuɗin kowacce. Shekara biyu muna neman alhazan da suka fito daga garuruwan nan muna ba su saƙo a ambulan. Wasu matan an same su, wasu an ce sun rasu, aka ba 'ya'yansu. Bankin kuwa sai da na shekara uku da rabi ina biyansa. Na taɓa zama na tara abin da ya ci a kaina a kan sunan riba da hidima, da na ga inda lissafin ya dosa sai na ajiye biro.

Duk wannan na ɗauke shi hukunci ne mai ƙarewa. Na yanka katin da almakashi a gabanta. Na koma wurin mai dabino na ba shi haƙuri. Da azumi ya kusa na gyara mota, na ɗauki hutu, na shirya in nuna mata na koyi darasi, zan riƙe kowane ƙulli daban kamar yadda take yi.

Baƙin suka zo kamar kullum, don labari bai hana su ba. Ranar farko mata biyar ne, suka baje daddawa da kuka, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Da babbarsu ta zaro jakar wuya, Inna ta ɗaga hannu ta ce ta bari. Ta ce ta daina karɓar sautu, amma akwai wata maƙwabciya a layi na biyu, mutuniyar kirki, za ta sa a raka su. Matan suka yi ta roƙo. Babbar ta ce tun daga gida sunan Hajiya aka ba su, ba su san kowa ba, in ƙafa ce ai ba sai ta je da kanta ba, ta aika mana.

Ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, duk suna ganina.

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Ku yi haƙuri. Ba ni da wanda zan aika."

Ta rayu shekara shida bayan wannan. Ina kai ta asibiti, ina kai ta Harami, ina kwana a gidanta in jikin ya tashi, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Amma ko burodi take so, sai ta jira ƙanwata ta zo.